Tambayoyi da Amsoshi Kan Gaisuwa: Me Muke Faɗa wa Juna Idan Mun Gaisa?

Gaisuwa tana cikin abubuwan da mutum ke yi kullum ba tare da ya tsaya ya yi tunani a kansu ba, sai ranar da ya gaida wani aka ƙi amsa masa. A nan an tattaro tambayoyin da mutane suka fi yi game da ita, har da waɗanda ake jin nauyin yi a bainar jama'a.

Ina ganin mutum tsaye da ƙafarsa, lafiyarsa lau. Me ya sa zan tambaye shi ko yana lafiya?

Domin ba labari kake nema ba. Wanda ya ce maka "ina kwana" ba bincike yake yi kan yadda ka yi barci ba, haka wanda ya tarar da kai kana haƙa rami ya ce "ana aiki?" ba makaho ba ne. Abin da yake faɗa a ƙarƙashin kalmomin shi ne: na gan ka, na san da zamanka, kuma tsakanina da kai babu komai sai alheri.

Masanin al'adun nan Bronislaw Malinowski, wanda ya yi shekaru yana zaune da mutanen tsibiran Trobriand da ke cikin ƙasar Papuwa Niyu Gini ta yau a lokacin yaƙin duniya na farko, ya rubuta a 1923 cewa akwai wata irin magana da ba a yin ta don isar da saƙo, ana yin ta ne don ɗaure zumunci. Ya lura cewa shirun baƙo abin tsoro ne ga ɗan Adam a ko'ina. Wanda ya tsaya kusa da kai bai ce uffan ba, ba ka san abin da ke ransa ba, amma da ya buɗe baki ya gaishe ka sai hankalinka ya kwanta. Shi ya sa abin da ake tambaya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, aikin kuwa ɗaya ne. A Sin da Koriya an saba tambayar mutum ko ya ci abinci, ba kuwa don za a ba shi ba. A Indunusiya da Maleshiya ana tambayar mai wucewa ina za shi, shi kuma ya amsa da cewa yawo kawai yake yi, kowa ya kama gabansa. Baƙon da ya tsaya yana zayyana inda za shi da abin da zai yi a can, shi ne bai fahimci tambayar ba.

To ba ƙarya ake yi ba ke nan, mutum yana cikin damuwa ya ce "lafiya lau"?

Ku lura da abin da ke faruwa a ɗakin likita. Majiyyaci ya shigo yana dafe da ciki, likita ya ɗago kai ya ce, "Yaya jiki?" Ya amsa, "Da sauƙi." Ya zauna, likita ya jawo takarda ya ce, "To, me ke damun ka?" Sai ga bayani: kwana uku bai runtsa ba, duk abin da ya ci sai ya dawo. Babu wanda zai ce mutumin nan ya yi ƙarya a amsarsa ta farko. Tambayar farko gaisuwa ce, ta biyu ce tambaya, kuma su biyun sun san haka.

Harvey Sacks, wani masanin zamantakewa Ba'amurke da ya yi suna wajen nazarin hirar yau da kullum, ya yi bayanin dalilin. Idan ka amsa da cewa ba ka jin daɗi, ka ɗora wa mai tambaya nauyin ya ce "me ya faru?", alhali wataƙila shi ba mutumin da ya dace ya ji ba ne, ko kuma wurin bai dace ba. Amsar "lafiya lau" tana rufa wa mai amsa asiri, tana kuma sauƙaƙa wa mai tambaya. Wanda ya damu da kai da gaske yakan bari a gama gaisuwa, sannan ya sassauta murya ya sake tambaya. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Akwai al'ummar da ba ta gaisuwa sam?

Akwai al'ummomin da ba su da wata kalma guda da ake furtawa a duk haɗuwa, akwai kuma inda baƙo zai zauna shiru na wani lokaci kafin a fara magana da shi. Sai dai ko a irin waɗannan wurare akwai hanyar da ake nuna wa mutum cewa an san ya iso, ko da ta wurin ba shi mazauni ne ko juyo da jiki wajensa.

Wani masani ɗan Ostiriya, Irenäus Eibl-Eibesfeldt, ya zagaya da kyamara mai madubi a gefe, wadda ke ɗaukar mutane alhali suna zaton wani wuri ta nufa. Ya ɗauki mutane a Samowa, da Bali, da Papuwa, da hamadar Kalahari, da dajin Amazon. A duk wuraren ya ga abu guda: idan mutum ya hango wanda ya sani kuma yake so, girarsa takan yi sama ta dawo cikin kusan kashi ɗaya bisa shida na daƙiƙa, yawanci tare da murmushi. Mai yi bai san ya yi ba, wanda aka yi wa ma ba zai ce ya gani ba, amma ya karɓi saƙon.

Masu bincike Adam Kendon da Andrew Ferber kuma, a 1973, sun bi hoton bidiyon wani bikin ranar haihuwa a Amurka daki-daki, suka gano cewa gaisuwa tana da matakai. Ana hango juna daga nesa a ɗaga hannu ko kai. Sai a doshi juna, kuma a nan ne abin dariyar yake: yayin da suke matsowa kowa yakan kawar da ido, wani ya gyara riga, wani ya shafa kai, sai an zo dab sannan a sake haɗa ido a gaisa sosai. Duk wanda ya taɓa hango wani tun daga ƙarshen dogon baranda ya san wannan 'yar tsaka mai wuya. An gaisa tun da wuri, ga sauran tafiya, ba a san inda za a ajiye ido ba.

Dabbobi ma suna gaisawa?

Suna yi. Jane Goodall, wadda ta fara nazarin birai nau'in cimfanzi a dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya a 1960, ta ga suna rungumar juna, suna sumba, suna miƙa hannu idan sun haɗu bayan rabuwa. Na ƙasa yakan tunkari babba yana rusunawa yana wani gurnani na musamman wanda babban ba ya mayar masa da irinsa. Ashe tun a can gaisuwa take ɗauke da abubuwa biyu, zumunci da sanin matsayi.

Daga ina musafaha ta samo asali?

Bayanin da aka fi yawan ji shi ne wai an ƙirƙiro ta don mutum ya nuna babu makami a hannunsa na dama. Magana ce mai shiga hankali, amma hasashe ne. Abin da ke hannu shi ne sassaƙen da aka tono a Nimrud ta ƙasar Iraƙi, wanda ya nuna sarkin Assuriya Shalmaneser na Uku yana riƙe da hannun sarkin Babila, a ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan ƙulla alkawari ne tsakanin sarakuna biyu, ba gaisuwar kan hanya ba. A tsohuwar Girka ma ana sassaƙa mutum biyu riƙe da hannun juna a kan duwatsun kaburbura.

Abin da ya bambanta musafaha da rusunawa shi ne babu na sama babu na ƙasa a cikinta: kowa a tsaye, kowa ya miƙo hannu. Don haka ne 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker a Ingila, a ƙarni na 17, suka ƙi cire hula ko rusuna wa manya, suka gwammace su ba kowa hannu, abin da ya jawo musu fushin alƙalai da masu mulki. Kasuwanci da mulkin mallaka da diflomasiyya suka ƙara yaɗa ta har ta zama gaisuwar ofis a kusan ko'ina.

Me ya sa wasu ke rusunawa, wasu ke sumbatar kunci, wasu ke haɗa hanci?

Idan aka duba da kyau, yawancin gaisuwar jiki ɗayan biyu take yi: ko dai mutum ya ƙanƙantar da kansa, ko ya kusanto da jikinsa. A Japan ana koya wa ma'aikata rusunawa hawa uku, kusan digiri 15 ga gaisuwar wucewa, 30 ga baƙo ko abokin ciniki, 45 ga babban girmamawa ko neman afuwa. A Tailan ana haɗa tafuka a gaban ƙirji, kuma gwargwadon girman wanda ake gaisarwa gwargwadon yadda hannun zai yi sama. A Indiya yaro yakan taɓa ƙafar dattijo, a Filifin kuwa yakan ɗauki hannun babba ya kai goshinsa.

Ta ɗaya ɓangaren, Mawori na Niyu Zilan suna haɗa hanci da goshi, suna ɗaukar hakan a matsayin musayar numfashi. Mazan wasu ƙasashen yankin Tekun Fasha ma suna taɓa hanci da hanci. A Faransa sumbar kunci takan kama daga biyu zuwa huɗu, ya danganta da yankin, har su kansu Faransawa sukan rikice idan sun je wani lardi, wani ya janye kai alhali ɗaya yana miƙo kunci. Babu wadda ta fi wata wayewa a cikin waɗannan. Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya auna zuciyar mutane da ma'aunin gidansu, ya ce wanda bai rungume shi ba ba ya son sa, ko wanda ya sunkuyar da ido yana ɓoye wani abu.

Wa ya kamata ya fara gaisuwa?

Nan ne gaisuwa ke daina zama 'yar ƙaramar magana, domin wanda ya fara da yadda aka amsa masa suna bayyana wane ne wane. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ce a zamaninsa idan Farisawa biyu suka haɗu a hanya, daga gaisuwarsu za ka gane matsayinsu: tsara da tsara sukan sumbaci juna a baki, idan ɗaya ya ɗan fi ɗaya sai a kunci, idan tazarar tana da yawa na ƙasa yakan zube ƙasa. Da Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, ya ci Farisa ya nemi mutanensa su riƙa zube masa haka, sai Girkawa da Makidoniyawa suka tirje, don a wurinsu wannan na abin bauta ne.

A 1793 jakadan Ingila, Lord Macartney, ya isa wurin sarkin Sin Qianlong. Ƙa'idar fada ita ce a durƙusa sau uku a kai goshi ƙasa sau tara. Macartney ya ce shi gwiwa ɗaya zai sa a ƙasa, kamar yadda yake yi wa nasa sarkin. An daɗe ana ja-in-ja kan wannan kafin a yi ganawar, ya kuma koma gida ba tare da samun buƙatun cinikin da ya je nema ba, ko da yake dalilan hakan sun wuce batun durƙuso.

Judith Irvine ta yi nazarin gaisuwar Wolof a Sanagal, ta wallafa a 1974. A can na ƙasa ne ke zuwa, shi ke jero tambayoyi da ƙarfi da sauri, babba yana amsawa a taƙaice da murya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi jan hankali shi ne wani lokaci mutum biyu sukan yi rige-rigen zama na ƙasa, domin wanda ya karɓi matsayin babba ya karɓi nauyin yin kyauta. Girma ba kyauta ba ne, da kuɗinsa.

A Musulunci an tsara abin a fili cikin hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito: na kan abin hawa ya yi wa mai tafiya ƙasa sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa, ƙarami ya yi wa babba. A lura cewa ƙa'idar farko ta ɗora nauyin ne a kan wanda ya fi samun sauƙi, ba wanda ya fi ƙanƙanta ba. A ra'ayina, inda babu wata ƙa'ida tsayayya, wanda ya fara hango ɗan'uwansa shi ya fara. Manyan da ke gaida masu gadi da masu shara kafin a gaishe su ba a taɓa jin girmansu ya ragu ba.

Me ya sa ƙin amsa gaisuwa yake da ciwo haka?

Saboda gaisuwa rabin abu ce, sai an amsa take cika. Idan ka ce "sannu" aka yi shiru, shirun ba ya wucewa a matsayin babu komai, kowa da ke wurin ya ji shi. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 86, ya yi umarni a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko daidai da ita, malamai kuma suka ce fara sallama sunna ne, amsawa wajibi. A Linjilar Matiyu, sura 5 aya 47, an tambayi masu sauraro abin da suka fi wasu da shi idan 'yan'uwansu kaɗai suke gaisarwa.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun gwada abin ta hanyoyi da dama. Edward Tronick, a shekarun 1970, ya sa iyaye mata su daskare fuska a gaban jariransu na ɗan lokaci kaɗan. Jariri ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi gwaranci, da ya ga babu amsa sai ya kawar da kai ya fashe da kuka. Kipling Williams ya ƙirƙiro wani wasan kwamfuta inda mutum uku ke jefa wa juna ƙwallo, can sai biyun su daina jefa wa na ukun. Mutane sukan fito ransu a ɓace, har ma waɗanda aka gaya wa cewa sauran biyun ba mutane ba ne, na'ura ce. A 2012 kuma Eric Wesselmann da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue sun sa wata ta riƙa wuce mutane a hanya, wasu ta haɗa ido da su, wasu ta kalli inda suke kamar babu kowa a wurin. Da aka tare su nan take aka tambaye su, waɗanda aka yi wa kallon iska sun fi jin an ware su daga jama'a, alhali ba su ma san matar ba.

Masu gaba sun san wannan tun kafin a yi bincike, shi ya sa janye gaisuwa ne makaminsu na farko. Hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kwatanta su da cewa suna haɗuwa wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama.

Na gaida mutum bai amsa ba, ko ya amsa ciki-ciki. Raini ne?

Zai iya zama raini, amma kafin a kai nan akwai kurumta, da raunin gani, da abin sauraro a kunne, da zurfin tunani, da kunya. Akwai ma mutanen da ƙwaƙwalwarsu ba ta riƙe fuska, su wuce maƙwabcinsu a kasuwa ba su gane shi ba, kuma lalura ce da likitoci suka sani. Sau ɗaya ba hujja ba ne. Idan abin ya yi ta maimaituwa daga wanda kuka saba gaisawa, a same shi shi kaɗai a tambaye shi ko lafiya. Ramuwa da irin nata ita ke mayar da rashin ji na rana ɗaya ya zama gabar shekara.

Dole ne in gaida duk wanda na ci karo da shi?

A ƙaramin wuri inda kowa ya san kowa, wuce mutum ba gaisuwa magana ce babba. A tashar jirgin ƙasa ta babban birni kuwa, wanda ya tsaya gaida kowa ba zai kai inda za shi ba, kuma za a riƙa yi masa kallon mai wata manufa. Masanin zamantakewa Erving Goffman ya bayyana a 1963 yadda mutanen birni ke warware wannan: ka ɗan kalli mai tahowa don ya san ka gan shi, sannan ka sauke ido don ya san ba ka da wata buƙata a wurinsa. Wannan ma girmamawa ce, kuma ta sha bamban da kallon iskan da aka ambata a sama.

Duk da haka, mutane sukan wuce gona da iri wajen zaton ba a son a yi musu magana. A 2014 Nicholas Epley da Juliana Schroeder sun nemi wasu fasinjojin jiragen ƙasa da motocin safa a Chicago su yi hira da wanda ke kusa da su, wasu kuma su zauna shiru. Yawanci sun yi zaton shirun zai fi daɗi, amma waɗanda suka yi hirar ne suka fi jin daɗin tafiyar.

Doguwar gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce?

Tsawon gaisuwa yakan bi tsawon rabuwa da nauyin dangantaka. Wanda kuka rabu da shi da safe ɗaga kai ya wadatar, wanda ya yi shekara biyar ba ku haɗu ba idan ka ɗaga masa kai ka wuce ka yi laifi. Abokai na ƙut-da-ƙut kuwa sukan gajarta, wani lokaci ma da zolaya suke farawa. An ga irin haka har a birai nau'in bonobo, a wani bincike na 2021: waɗanda suka fi shaƙuwa sun fi taƙaita alamun da suke yi wa juna kafin su fara wasa ko gyaran gashi.

Tun dā an san gaisuwa tana cin lokaci. A Littafin Sarakuna na Biyu da ke cikin Littafi Mai Tsarki, da annabi Elisha ya aiki baransa aikin gaggawa, ya gargaɗe shi kada ya gaida kowa a hanya, kuma in an gaishe shi kada ya amsa. Mai sauri yana da uzuri, amma ya faɗe shi: "Yi haƙuri, sauri nake yi, zan neme ka." Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne gaisuwar da ake ja da tsawo don kawai a share fagen roƙo, wadda mai amsawa tun daga tambaya ta uku ya san inda aka dosa.

Idan addinina ko al'adata ba su yarda in ba wani hannu ba fa?

Wannan ya kai har kotu a Turai, kuma hukuncin bai zo iri ɗaya ba. A 2016 hukumomin wani yanki na Siwizalan sun ce dole ɗalibai su ba malamansu hannu, mata ko maza, bayan wasu 'yan'uwa biyu Musulmi sun ƙi, aka kuma ce iyaye na iya fuskantar tarar da ta kai faran 5,000. A 2018 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta amince da hana wata mata takardar zama 'yar ƙasa saboda ta ƙi musafaha da jami'ai maza a wurin bikin ba da takardar. A shekarar dai kotun ƙwadago ta Suwidin ta ba wata mata gaskiya, ta sa a biya ta kurona 40,000, bayan an katse ganawar ɗaukar ta aiki don ta ɗora hannu a ƙirji maimakon ta miƙa shi. Denmak kuwa ta sa musafaha cikin sharuɗɗan bikin zama ɗan ƙasa daga farkon 2019.

A zaman yau da kullum, dabarar ita ce ka riga mutum. Kafin ya miƙo hannu ka ɗora naka a ƙirji, ka saki fuska, ka gaishe shi da baki sosai. Abin da ke ƙona rai shi ne hannun da aka bari a miƙe a gaban jama'a. Wanda aka ƙi karɓar hannunsa kuma ya duba ko an ba shi wani abu a madadinsa, in an ba shi, to an gaishe shi.

Gaskiya ne musafaha tana yaɗa cuta?

Gaskiya ne. A 2014 masu bincike a Jami'ar Aberystwyth ta yankin Wales sun tsoma safar hannu cikin ƙwayoyin cuta suka gwada, suka ga musafaha tana ɗaukar kusan ninki goma na abin da haɗa dunƙulen hannu ke ɗauka. Lokacin Ebola a 2014 mutanen Laberiya sun ajiye musafaharsu mai ƙarewa da ƙyasta yatsa. A watan Maris na 2020 ministan cikin gidan Jamus ya ƙi karɓar hannun shugabar gwamnatinsa, Angela Merkel, a gaban 'yan jarida, ita kuma ta yi dariya ta janye. Firaministan Holan na lokacin, Mark Rutte, ya sanar da a daina musafaha, yana gama magana ya juya ya ba jami'in lafiyan da ke gefensa hannu. An yi ta hasashen musafaha ta tafi ke nan, sai ga ta ta dawo da annobar ta lafa. Wanke hannu da sabulu ya fi sauƙi a kan sauya ɗabi'ar da ta shekara dubbai.

Me ya sa ake ɗaukar musafahar shugabanni da muhimmanci haka?

Domin jama'a sun iya karanta ta fiye da takardar yarjejeniya. Ranar 13 ga Satumba 1993, a fadar White House, duniya ta ga firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin ya ɗan yi jim kafin ya karɓi hannun shugaban Falasɗinawa Yasser Arafat, kuma wannan jim ɗin ya faɗi abin da jawabai ba su faɗa ba. A Afrilun 1987 Gimbiya Diana ta ba wani mai cutar ƙanjamau hannu babu safa a wani asibiti a Landan, a lokacin da mutane da yawa ke zaton taɓawa kaɗai na yaɗa cutar.

Gaisuwa takan zama abin tilasta biyayya kuma. Daga 1933 gwamnatin Nazi ta wajabta wa ma'aikatanta miƙa hannu sama da ambaton sunan Hitler, ta yadda kowace haɗuwa a hanya ta zama jarrabawa. Akwai sanannen hoto na 1936 daga wata ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a Hamburg, taro guda hannu a sama, mutum ɗaya a tsakiya ya harɗe nasa a ƙirji. Yau yin wannan gaisuwa laifi ne a dokar Jamus.

A waya da saƙon rubutu ma sai an yi gaisuwa?

Sai an yi, amma a haɗa ta da abin da ya kawo mutum. Wanda ya rubuta "Salam" kawai ya zauna jira, aka amsa bayan awa biyu, ya ce "ya gida", aka sake jira, ya mayar da maganar minti ɗaya ta yini guda. Gaisuwa da buƙata a saƙo ɗaya ba rashin ladabi ba ne. A kiran waya kuwa, wanda ya kira shi ya kamata ya faɗi sunansa bayan gaisuwa, ba ya ce "ka gane mai magana?" ba.

Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin alamar nan mai nuna an karanta saƙo a 2014, an samu sabon nau'in ƙin amsa gaisuwa, ko abin da ya yi kama da shi. Bambancin shi ne a fuska da fuska kana ganin halin da mutum yake ciki, a waya ba ka gani. Mai yiwuwa ya buɗe saƙon yana tuƙi ko yana jinya.

Me ya sa ban kwana ya fi gaisuwar farko wuya?

Saboda wanda ya fara miƙewa yana tsoron a ce ya gaji da ɗan'uwansa. Don haka ake bi a hankali: a ce "to", ɗayan ya ce "to", a ba juna damar ƙara wani abu, a ambaci haɗuwa ta gaba, a aika gaisuwa ga na gida, sannan a rabu. A wani bincike da aka wallafa a 2021 ƙarƙashin jagorancin Adam Mastroianni, an haɗa mutane bibbiyu suna hira, daga baya aka tambayi kowa lokacin da ya so a tsaya. Kusan kashi 2 cikin 100 na hirarrakin ne kawai suka ƙare a lokacin da duka biyun suke so. Kowa yana ɓoye wa ɗaya don kada ya ɓata masa.

Wani ya tare ni da fara'a yana kiran sunana, ni kuwa ban tuna shi ba. Yaya zan yi?

Ka amsa gaisuwar da irin fara'ar da ya zo da ita, don wannan bashi ne ko ka gane shi ko ba ka gane ba. Sau da yawa cikin tambayoyin farko zai ambaci wani wuri ko wani mutum da zai tuna maka. Idan an gama gaisawa ba ka kamo zaren ba, ka faɗa tun da wuri: "Ka yi mini afuwa, na san fuskar, sunan ne ya kwanta mini." Yawancin mutane dariya za su yi su faɗa. Wanda ya daure ya ci gaba da "ya mutanen namu" har minti goma, shi ne ke shiga uku idan wani na uku ya iso aka ce ya gabatar da su ga juna.